Ranar da Goggo Ta Koya wa Inji Tsintar Shinkafa

Ko da zan manta da komai na ƙuruciyata, makon da aka kunna injin tsintar shinkafa a masana'antar da na fara aiki ba zai fita daga raina ba har in koma ga Allah. Kwanakin baya 'ya'yana suka taru a tsakar gidanmu nan unguwar Badariya suna kallon waya, wai mutum-mutumi ne ke harhaɗa motoci a wata masana'anta ta ƙasar waje, hannayen ƙarfe na ta kai-komo, babu ɗan Adam ko ɗaya a wurin. Suna ta cewa, "Baba, zo ka ga ikon Allah!" Na leƙa, na koma na zauna. A wurinsu sabon abu ne. Ni kuwa na ga kakan waɗannan abubuwa da idona tun Kabi tana cikin Jihar Sakkwato, kuma na ga abin da ya yi wa matar da ta rene ni.

A lokacin na gama karatun gyaran injuna a Birnin Kebbi, kaina ya yi girma, ina jin babu ƙarfen da zai gagare ni. Wani Alhaji yana da masana'antar casar shinkafa a bakin hanyar Argungu, gaba kaɗan da Ambursa. Manoma na kawo shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, daga fadama, a turara ta, a shanya, inji ya cashe. Amma aiki na ƙarshe na mata ne. Akwai wata doguwar rumfa a bayan ginin, nan suke zama tun hantsi kowace da faifanta a cinya, suna tsince tsakuwa da baƙaƙen ƙwayoyi da waɗanda suka lalace. Shugabarsu ita ce Goggo, yayar mahaifina, wadda ta ɗauke ni tun ina rarrafe bayan rasuwar mahaifiyata. Da tsintar nan ta ciyar da ni, da ita ta ɗinka mini kayan makaranta. Kuma ita ce ta je ta durƙusa gaban Alhaji ta roƙa mini aiki.

Ban yi wata uku a wurin ba aka hana shigo da shinkafar waje, kasuwar 'yar Hausa ta buɗe. Dillalai na zuwa daga nesa, amma kukansu ɗaya ne: tsakuwa. Mata na iya ƙoƙarinsu, sai dai buhunan da ke jiran tsinta sun kusa taɓo rufi. Sai Alhaji ya yi tafiya, ya dawo da labarin wani inji mai ido. Wai shinkafa za ta riƙa gangarowa ta gaban idonsa, duk ƙwayar da bai yarda da ita ba sai ya hure ta gefe da iska. Da na ji, dariya na yi. Na ce a raina an dai damfari Alhaji, ƙarfe ne zai ga tsakuwa?

Ranar da babbar mota ta sauke shi, matan rumfa suka fito suna leƙe. Wani dogon akwati ne mai launin toka, ya fi mutum tsawo, da fitilu a cikinsa. Wata tsohuwa a cikinsu, aminiyar Goggo ce tun suna 'yan mata, ta tambaye ni, "Kai ɗan boko, wanga abu mi za shi yi?"

Na ce, "Tsinta zai yi, Inna."

Ta ce, "To mu kuma mi za mu yi?"

Na yi dariya na wuce. Wallahi har yau in na tuna dariyar nan sai in ji kunya ta rufe ni. Tambaya ce ta gaskiya, ni kuwa na ɗauke ta zolaya. Goggo na tsaye a bayansu tana jinmu.

Tare da injin aka turo wani injiniya Ba'indiye, mai fara'a, mai yawan gumi. Kwana uku muka yi muna haɗa shi, kuma ni Alhaji ya zaɓa in koyi sarrafa shi. A rana ta ukun injiniyan ya bayyana mini yadda abin yake. Injin bai san shinkafa ba sai an nuna masa. Za a zuba mai kyau a gaban idonsa, a murɗa wasu maɓallai har allurar da ke jiki ta tsaya, daga nan duk abin da ya saɓa wa wannan launi ya zama datti a wurinsa. Ya ce in kawo masa mudu ɗaya na shinkafa mai kyau.

To, a nan na tafka wautar da ta jawo komai. Kun san halinmu da baƙo. Ba a ajiye masa abin da aka saba ci kullum, sai a nemo wanda ya fi. Na je na buɗe buhun tamu, na dube ta: ga ta nan ruwan ƙasa-ƙasa saboda turara, wata da jan layi a bayanta, wata ja gaba ɗaya irin ta fadamar Argungu. Sai na ji ba zan iya miƙa wa mutumin da ya ƙetaro teku wannan in ce ita ce mai kyau ba. Na hau babur na nufi kasuwar Birnin Kebbi. Duk da an hana shigowa da ta waje, wadda ake kira 'yar gwamnati, ba ta ɓace ba in ka san wanda za ka tambaya. Na auno mudu ɗaya, fara tas, doguwa, kowace ƙwaya kamar 'yar'uwarta. Na kawo masa ina taƙama.

Ya jinjina kai ya ce lallai ƙasarku da shinkafa mai kyau. Ban gyara masa ba. Ya saita injin da ita, ya ɗebo tsakuwa ya watsa a cikin mudun, ya juye a sama. Sai muka ji fit, fit, fit, tsakuwa na faɗawa gefe ɗaya, farar shinkafa na zuba ɗaya gefen. Na sa hannu na yamutsa, ko ƙwayar yashi babu. Na ce, "La'ilaha illallahu!" Abin da na yi wa dariya ga shi yana gani da gaske. Da la'asar injiniyan ya tattara kayansa ya nufi Sakkwato, daga can sai ƙasarsu.

Ranar Litinin Alhaji ya tara jama'a. An shimfiɗa tabarmi, an kawo lemo, ga dillalai, ga manyan manoma daga Argungu da Ambursa, liman ya yi addu'a. Matan rumfa suka tsaya daga nesa suna kallo ta taga. Shinkafar wani dattijo manomi daga Argungu aka zaɓa don gwaji, mutumin da kowa ya san gonarsa. Na gyara hula, na danna maɓalli, ma'aikata suka fara juye buhuna.

Maimakon fit, fit ɗin nan da na sani, sai injin ya ɗauki wata ƙara babu tsayawa, kamar ruwan sama a kan kwano. Na dubi bakin da mai kyau ke fitowa, ƙwayoyi ne ke ɗigowa ɗai-ɗai. Na dubi bakin datti, innalillahi! Shinkafa ce ke kwarara, ta cika buhun da aka tara, ta zube ƙasa, ta fara binne mini ƙafafu. Buhu uku aka juye, abin da injin ya yarda da shi bai cika ƙwarya ba. Na ma rasa inda maɓallin kashewa yake, sai da wani ya ja ni gefe ya kashe shi.

Dattijon nan ya tashi, ya zo ya ɗebi shinkafarsa daga ƙasa, ya dube ta a tafin hannunsa. Ya ce, "Alhaji, ashe shara ni kan noma shekara da shekaru ban sani ba?" Ya karkaɗe hannunsa, ya sa takalmi ya fita. Sauran manoma suka bi shi.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canja kamar ta Alhaji a ranar ba. Ya jira har baƙi suka watse, sannan ya kira ni. Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ya ce, "A gabana abin nan ya yi aiki, a hannunka ya lalace. Na ba ka zuwa Juma'a. In an sauko daga masallaci bai gyaru ba, kada in sake ganin ƙafarka a nan."

Na ce, "Ranka ya daɗe, in sha Allahu."

Na san abin da ya faru tun kafin in bar gabansa, amma bakina ya ƙi faɗa. Yaya zan ce na je kasuwa na sayo ta waje don ina jin kunyar tamu? Na ce ai gyaran mai sauƙi ne, in nuna masa tamu kawai. Washegari na ɗebo daga buhu na saita shi da ita. Sai ya koma ɗaya ɓangaren: komai wucewa yake, har baƙar ƙwaya, har tsakuwar da ta yi kalar shinkafa. Na tsince da hannuna na sake gwadawa. Ya zubar da rabi. Na sake, ya bar datti. Ashe a cikin jar shinkafar nan akwai ja mai lafiya, akwai ja na wadda ta ƙone a wurin turara, akwai na wadda ruwa ya taɓa a gona. A idona duk ɗaya suke. Na yi shekaru ina cin tuwonta, ban taɓa sanin haka ba.

Su kuwa matan rumfa sallah ta zo musu. Aiki ya dawo hannunsu, har da buhu ukun da injin ya zubar. In na fito shan iska sai su fara. "Ɗan boko, yaya mai idon nan taka? Ko a kai ta asibiti a sa mata tabarau?" Aminiyar Goggo ta fi kowa, har guɗa take yi. Ina murmushin dole ina wucewa. A gida kuwa Goggo na zuba mini tuwo, in ci loma biyu in ture. Tana kallona, ba ta tambaye ni komai ba. Ni ma na kasa haɗa ido da ita, domin lissafin a fili yake: in injin ya gyaru, aikinta ya tafi, in bai gyaru ba, nawa ya tafi.

Ranar Alhamis bayan la'asar, mata sun tashi, ina zaune a ƙasa gaban injin na haɗa kai da gwiwa, sai na ji sallama. Goggo ce, da faifai biyu a hammata. Tun da aka kawo injin ba ta taɓa taka ɗakin ba. Ta zagaya shi a hankali, ta leƙa fitilun, sannan ta tsaya a kaina.

Ta ce, "An ce sai abin da anka nuna mata taka sani. Gaskiya ne?"

Na ce, "Gaskiya ne, Goggo."

"To ranar farko mi ka nuna mata?"

Na yi kamar ban ji ba. Ta maimaita. Na tashi na ɗauko ragowar mudun daga inda na ɓoye shi a bayan akwatin kayan aiki. Ta ɗebi kaɗan, ta murza, ta kai hanci. Ta daɗe tana kallona.

Ta ce, "Wagga ba tamu ba ce. Kasuwa ka tahi?" Na gyaɗa kai. Ta ce, "Kai! Abincin da ya tashe ka, shi kaka jin kunya a gaban baƙo? Har ka sa anka ci mutuncin dattijo cikin jama'a? Tir da wanga boko naka."

Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Na fara ba ta haƙuri, ta ɗaga mini hannu. Ta shimfiɗa gyalenta, ta zauna, ta ce in zubo mata daga buhu. Sai ta fara tsinta. Na sha ganinta tana aikin nan tun ina yaro, amma ranar ce na fara kallo da gaske. Yatsunta na gudu, ba ta ko tsayawa tunani. Faifai ɗaya na masu kyau, tun daga mai haske har ja wur. Ɗaya na marasa kyau. Tana yi tana nuna mini: wannan jan nata na halitta ne, dubi yadda take sheƙi, wannan ta ƙone, cikinta ya mutu, wannan ruwa ya kwana a kanta.

Can na kasa daurewa. Na ce, "Goggo, kin san fa in abin nan ya gyaru, ku ne za a sallama."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na sani. Ka ɗauka ni yarinya ce? Alhaji ba shi yada abin da yas saya da dukiyarsa. In kai ka kasa, wani za shi ɗauko daga Kano ya gyara ta. Mu tahi, kai ma ka tahi. Gara a samu wanda yar rage a gidanmu. Miƙo mini wancan buhun."

Na yi tsaye kamar an dasa ni. Kwana uku ina ganin ni kaɗai ke cikin damuwa, ashe ita ta gama auna komai, ta yanke wa kanta hukunci tana zuba mini tuwo. Na ce mata a bari, in tafi in nemi aiki wani wuri. Ta ce in rufe mata baki in yi abin da aka ɗauke ni yi.

Na saita injin da faifan masu kyau, na gwada shi da na marasa kyau, na sake murɗawa. Sau huɗu muna yi, tana duba abin da ya fitar tana cewa, "Ta yi tsanani, sassauta mata," ko kuma, "Yanzu ta yi sakaci." A na biyar na juye buhu guda. Fit, fit, fit. Kafin Goggo ta gama yafa gyalenta buhun ya ƙare. Buhun da mace ke wuni a kansa. Ta sa hannu cikin mai kyau har wuyan hannu, ta yamutsa, ta baza a faifai ta duba ta bakin taga. Ta ce, "Ta iya." Ta kwashi faifanta ta fita.

Ranar Juma'a Alhaji ya ga aiki, ya rungume ni, ya ce dama ya san ni ɗan albarka ne. Ya tambaye ni yadda na yi. Na ce saiti ne kawai ya goce. Ban ambaci kasuwa ba, ban ambaci Goggo ba. Kuma a wannan lokacin da yake cikin farin ciki, da na ce ranka ya daɗe, matan nan fa, a bar su ko a wurin shanya ko ɗinkin buhu, ina kyautata zaton da ya saurare ni. Ban faɗa ba. Ina tsoron kada in ɓata masa rai aikin da na samu da ƙyar ya sake kuɓucewa.

Ranar Asabar da hantsi mata suka iso kamar kullum, kowace da faifanta. Mai gadi ya tare su a ƙofa ya ce Alhaji ya ce a gode musu, aikin tsinta ya ƙare. Haka kawai. Ina ɗakin injin ina hangen su ta taga. Ba wadda ta yi ihu. Suka tsaya cirko-cirko, suna jin ƙarar injin daga ciki. Sai aminiyar Goggo ta ce da ƙarfi, don in ji, "Jiya-jiya makauniya ce. Yaron nan bai san jar shinkafa daga jar ƙasa ba. Wa ya buɗe mata ido?"

Na san suna iya ɗora mini laifin, kuma da Goggo ta yi shiru da a kaina zai ƙare. Sai na ji muryarta, ba rawa a ciki: "Ni na buɗe mata."

Aminiyar tata ta juyo ta dube ta. Ta ce, "Ke? Mu da munka yi shekaru gwiwa da gwiwa?" Matan suka juya suka kama hanyar Ambursa a tare, ita kuma ta biyo su a baya ita kaɗai, da tazara tsakaninsu. Ina tsaye ina kallo, ban fita ba. Daga ranar matar nan ba ta sake shiga gidanmu ba, ko a suna ko a biki, har ƙasa ta rufe idonta.

Da wata ya ƙare Alhaji ya ba ni kyautar rabin buhu daga wadda injin ya tsince. Na ɗaura a babur na kai gida ina jin ko wannan zai ɗan sanyaya mata rai. Ta yi godiya, ta sa mini albarka. Da za ta ɗora tukunya sai ta auno mudu, ta zuba a faifai, ta zauna bakin ƙofar ɗakinta kamar yadda ta saba, ta fara tsinta. Ina zaune a kan turmi ina kallonta. Yatsunta suka bi shinkafar daga wannan gefe zuwa wancan. Ta bakace, ta sake bi. Ta karkata faifan wajen haske, ta bi a karo na uku, a hankali. Sannan ta ajiye hannayenta a cinya.

Ta ce, "Ko ɗaya ba ta bar mini ba."

Ba kuka ta yi ba. Ni ne na tashi na shiga bayan ɗaki na yi nawa.

Na yi shekaru da yawa a cikin injuna bayan wannan, har na kai matsayin da ake tambayata kafin a sayo sabo. Ban taɓa cewa kada a saya ba, don na san ba a tare abin da ya riga ya taho. Amma abin da makon nan ya koya mini shi ne, duk gwanintar da ka gani a jikin inji, daga hannun wani aka ɗebo ta, kuma mai hannun yana da ciki da iyali da mutunci. Tun daga lokacin ban sake yarda in kunna sabon inji ba sai an zauna an faɗa mini inda za a kai mutanen da zai tayar, ko da maigida zai ji haushina. Magana ce da ba ta fi numfashi biyu ba. Ranar da ya kamata in yi ta domin Goggo, shiru na yi.